Yadda Na Mallaki Bodin Tirela Na Ba da Shi Haya

Sana'ata ta gado hatsi ce. A kasuwar Dawanau nake, kuma abin da na fi turawa kudu riɗi ne da zoɓo da waken suya. Duk mai wannan harka ya san ribarsa tana hannun mai mota. Kana iya sayo kaya da sauƙi a ƙauye, ka gyara, ka ɗinke buhu, amma idan kuɗin mota ya tashi a daren da za ka yi lodi, lissafinka ya rushe. A 2022 abin ya kai maƙura. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar gas da ake saye wajen naira 300 a farkon shekara ta haura 700 kafin damina ta yi nisa. Masu motoci suka ɗora mana, kuma ban ga laifinsu ba. A lokacin na ƙudurta cewa ni ma sai na sa ƙafa a harkar tirela.

Wanda na fara tunkara shi ne ƙanin mahaifiyata, tsohon direba ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kano zuwa Legas, tun ana bi ta Birnin Gwari da Tegina ba tare da fargaba ba. Na faɗa masa abin da ke hannuna. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, wannan kuɗin ba zai saya maka kai mai lafiya ba. In ka matsa, za ka sayo wahalar da wani ya gaji da ita. Me ya sa ba za ka fara da bodi ba?"

Na ce, "Kawu, bodi ba kai, me zai ja shi?"

Ya ce, "Kan wani."

Ga wanda bai san harkar ba, tirela abu biyu ce. Akwai kai, wato inda inji da giya da direba suke, DAF ne ko MAN ko Mack ko Howo ta Sin da ta cika hanya yanzu. Akwai kuma bodi, wanda ake ɗora wa kaya. Kai shi ne mai cin kuɗi kullum: gas, juyen mai, kuloci, bakanike, albashin direba da na yaran mota. Bodi ba shi da inji. Abin da yake buƙata taya ne da birki da sifirin da giris. Kuma akwai masu kai da yawa da suke neman bodi, wani nasa ya lalace a hatsari, wani kuma bodin shanu gare shi ga shi ya samu aikin kwantena. Sayen sabo ya fi ƙarfinsa a lokacin, haya ta fi masa sauƙi. Kasuwar da Kawu ya nuna mini ke nan.

Duk da haka raina bai bar kai ba, don haka sai da na je na ji ta bakin banki. Tun da bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, daga baya TAJ da Lotus suka biyo, ɗan kasuwa irina ya samu inda zai yi maganar kuɗi ba tare da tsoron kuɗin ruwa ba. A ɗaya daga cikin irin waɗannan bankuna aka yi mini bayani dalla-dalla. Ko dai su sayi motar su sayar mini da ribar da aka sani, wato murabaha, ko su saya ta zama tasu, ni ina biyan haya har ranar da za ta dawo tawa, wato ijara. Suka nemi rajistar kasuwanci ta CAC, da bayanan asusu, da wani kaso na kuɗin motar daga aljihuna, da cikakkiyar inshora ta takaful, wato inshorar Musulunci. Sun fi son kuma a ce akwai kwangilar dakon kaya a rubuce daga wani kamfani. Tsarin ya yi mini, mutanen kuma sun karɓe ni da mutunci. Abin da ya tsayar da ni shi ne lissafin wata: ko Dawanau tana ci ko ba ta ci, ranar biya tana nan zuwa. Harkar hatsi kuwa kaka gare ta. Daga Oktoba zuwa Fabrairu mota ba ta isa, daga nan kuma sai a dinga rububin kaya.

Wani dillali ya kawo mini tayin biya sannu-sannu, in ba da wani abu in ɗauki mota. Na kai takardar wurin wani lauya abokin karatuna. Shi ya sanar da ni cewa akwai doka tun 1965 a kan irin wannan ciniki, kuma a ƙarƙashinta idan mai biya ya kai kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon zuwa ya ƙwace sai ta hanyar kotu. Mutane da yawa a tashoshinmu an raba su da motocin da suka kusa gama biya don ba su san wannan ba, abin yana ci mini rai har yau. Takardar da aka ba ni kuwa an rubuta ta ne yadda kafin ka kai wannan matsayi ka galabaita. Na mayar da ita, na koma kan shawarar Kawu.

Bodi iri-iri ne, kuma zaɓinsa shi ne zaɓin irin aikin da za ka ci abinci da shi. Akwai mai dogon bango na hatsi da dabbobi, akwai falat na kwantena da rodi da siminti, akwai tanki, wanda shi duniyarsa daban ce. Ni na zaɓi falat mai ƙafa 40, mai aksul uku, da bangon da ake iya cirewa a mayar. Dalilina shi ne ya tafi da buhuna, ya dawo da kwantena ko kayan kamfani. Tirelar da ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ta dawo fanko, ribar zuwa ta ƙone a gas ɗin dawowa.

Mun fara duba na hannu. A wani gareji aka nuna mana ɗaya, ya sha sabon fenti ja yana ƙyalli, ni har na fara lissafin kuɗi. Kawu bai kalli fentin ba. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa mini, ya karɓi ƙaramar guduma da tocila, ya shige ƙarƙashi. Ina jin yana ƙwanƙwasa sasi, wato ƙarfen da bodin yake zaune a kai, daga gaba yana tafiya baya, ƙarar tana fita tas, har ya zo daidai inda sifirin na farko yake, sai ƙarar ta mutu. Ya sa mukulli ya kankare fentin. Ga walda nan an yi a kan tsaga, an goge, an shafe da foti. Ya fito yana karkaɗe gwiwa ya ce wa mai garejin, "Malam, wannan ya taɓa karyewa da kaya a kansa." Mutumin bai musa ba. Daga nan Kawu ya nuna mini ƙusar da ke ƙarƙashin gaban bodi, wadda take shiga farantin da ke bayan kai ta kulle. Ya ce duk nauyin tafiya a wuyanta yake, in ta cinye, wata rana a kan gangara kai zai yi gaba bodi ya tsaya.

Sai muka yanke shawarar a ƙera mana sabo. Masu walda a Kano da Kaduna sun ƙware a wannan aiki fiye da yadda ake ba su daraja. Muka sayi aksul na hannu 'yan waje, ƙarfe kuma sabo daga Ƙofar Ruwa. Ana cikin aiki gwamnati ta sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yunin 2023, farashin ƙarfe da taya ya tashi. Mai waldar ya same ni ya ce kuɗin da muka yi ba zai kai ba. Da na je kasuwa da kaina na ga gaskiya ya faɗa, muka raba ƙarin. Abu ɗaya da na kafe a kansa shi ne makullan kwantena a kusurwoyi, na gaske, ba sarƙa kawai ba. A watan Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja a Ojuelegba da ke Legas ta kashe mutum tara. Ban so a ce ƙarfen da ke ɗauke da sunana ya zama sanadin ran wani ba. Aka manna masa tef mai ƙyalli a gefe da baya kamar yadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take buƙata, aka gyara fitilu.

Takardu ba su ba ni wahala ba, amma na bi su ɗaya bayan ɗaya: rasit na aksul, rasit na ƙarfe, takardar mai walda, lambar da ya buga a jikin sasi, rantsuwar mallaka a kotu, da hotuna ta kowane gefe. Bodi ba ya magana, in aka sake masa fenti a wani gari, waɗannan ne kaɗai shaidarka.

Mai hayar ta hannun Kawu aka same shi, wani Alhaji mai kawuna da yawa, ɗan ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO. Mutumin kirki ne, kowa ya shaide shi. Da na ce ina son mu rubuta yarjejeniya, sai fuskarsa ta ɗan canza. Ya ce, "Haba Malam, da kawunka muka yi shekaru muna aiki, ko takarda ɗaya ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don ban yarda da kai ba ne. Ni da kai duk masu mutuwa ne, 'ya'yanmu kuma ba su san abin da muka faɗa ba." Ya yi ɗan jim, ya ce to a rubuta.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan na fi daɗewa. Hanyoyin biya uku ake yi: kuɗin wata tsayayye, ko kuɗin kowane sawu, ko a raba abin da mota ta samo bayan an cire gas da kuɗin hanya da la'adar 'yan kamasho. Alhaji ya fi son rabon. Ni kuma na ga cewa ba ni da idon da zan ga abin da aka samo a zangon tireloli na Ogere ko a kasuwar Mile 12, sai abin da aka faɗa mini. Na je wurin malaminmu na unguwa. Ya ce ijara, wato haya, tana son abu biyu a fili, a san kuɗin haya, a san tsawon lokaci. Ya ƙara mini da abin da ban nema ba amma ya zama dole in ji: abin haya amana ne a hannun mai haya, in ya lalace ba da sakacinsa ba, asarar ta mai abu ce, kuma babban gyaran da amfanin abin ya dogara a kansa yana wuyan mai shi. Wato ba zan karɓi haya kuma in ɗora wa Alhaji kowace irin asara ba. Maganar ta yi mini nauyi a ranar, amma ita ta daidaita takardar. Muka tsaya a kan kuɗin wata.

Tambayar da ta fi kowace cin lokaci ita ce, ranar da mota ba ta tafiya, wa zai ɗauki nauyi? Wanda bai shiga harkar ba yana ganin tirela kullum a kan titi take. Gaskiyar ita ce kwanakin tsayuwarta suna gogayya da na tafiyarta. Tana jiran lodi a Dawanau. Tana jiran a sauke a Legas. Tana jiran kira zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, duk da cewa manhajar Eto mai tsara shigar motoci da aka fara a Fabrairun 2021 ta rage dogayen layukan da aka sani a da. Tana kwana a Tafa ko Mararrabar Jos don direba ba zai shiga wani daji da dare ba. Lokacin da muke wannan magana ba a daɗe da rufe iyakar Nijar ba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motocin mutanen da muka sani suna jibge a Jibiya da kaya a kansu, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Don haka ba tatsuniya muke tattaunawa ba. Muka rabe shi haka: in bodi ne ya samu matsala ta ƙira ko ta tsufa, haya ta tsaya har in gyara. In kai ne ya lalace, ko kasuwa ta yi sanyi, ko aka kama mota saboda laifin direba, haya tana tafiya, amma Alhaji yana da damar dawo mini da bodina in ya ba ni sanarwar wata guda. In kuma abu ne daga Allah ko daga hukuma, kamar rufe iyaka ko karyewar gada, mu raba kwanakin gida biyu.

Sai taya. Bodi mai aksul uku taya 12 yake ɗauka, kai kuma yawanci 10, kuma girmansu ɗaya. Kowa a tasha ya san abin da ke faruwa: tayar kai ta fashe a hanya, a ciro mai kyau daga bodi a sa, a mayar wa bodi da sudaddiya. Ba lallai da mugun nufi ba, direba yana son ya isa ne. Amma bayan wata shida mai bodi zai tarar da tayoyin da bai taɓa saya ba. Muka tsuguna ni da yaron Alhaji muka kwafe lambar jikin kowace taya a takarda, muka auna zurfin zanenta, aka rubuta cewa da irin wannan yanayi za a dawo da su ko a biya bambanci.

Nauyi ma sai da muka ja. Tirelar siminti ko taki da aka saba buhu 600 ce, tan 30. Amma ana loda 900, tan 45, wasu ma su wuce. Mai kai yana samun ƙarin kuɗi a ranar, mai bodi kuma sasinsa ne yake lanƙwasa a hankali, titin da dukkanmu muke bi shi ma yana farfashewa. Na sa iyaka a rubuce, na ce takardar sikeli ko ta lodi ita ce shaida. Aka ƙara cewa ba zai ba wani bodin haya ba, ba kuma zai tsallaka iyakar ƙasa da shi ba sai na sani. Inshorar da doka ta wajabta, wadda tun Janairun 2023 ta koma naira 100,000 ga manyan motocin dakon kaya, tana wuyansa. Amma ita asarar wasu take biya, ba ta biyan ƙarfena, don haka na yi wa bodin tawa daban. Na kuma sa an ɓoye na'urar bibiya a cikin sasi, da sanin Alhaji. Shaidu biyu suka sa hannu, Kawu da sakataren reshen ƙungiyarsu.

Maganar talla daga baya ta zo. Wani wakilin kamfanin kayan abinci ya ga bodin a wurin lodi, bangonsa fari fes, ya nemi lambata. Yana son su lulluɓe gefe biyu da hoton kayansu su riƙa biya duk wata uku. A idonsa allo ne mai tsawon ƙafa 40 da yake ratsa jihohi da yawa duk mako. Kafin shi wasu masu cacar ƙwallo sun nema, na ce a'a tun kafin su faɗi kuɗi. Wannan kuwa abinci ne na halal, na ji daɗin tayin.

Da na kai wa Alhaji maganar, ya ce bango nawa ne, ba zai hana ni ba, amma in fara jin ta bakin direba. Direban dattijo ne, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji ƙarami, kuɗin kai za ka karɓa, tsayuwar ni zan yi." Ya bayyana mini cewa mota mai tambarin kamfani ita masu karɓar haraji a hanya suka fi tarewa. Tsarin mulkin ƙasa ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da tallan waje, jihohi da dama kuma sun kafa hukumominsu, kamar LASAA ta Legas da aka kafa a 2006, wadda take ba motoci masu talla izini. Shi kansa abin da aka rubuta a tallan yana ƙarƙashin hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. Waɗannan duk a kan doka suke. Matsalar ita ce samarin da za su shimfiɗa katako mai ƙusoshi a bakin wani gari su ce sitikar da ke hannunka ba ta yankinsu ba ce. Ya kuma tuna mini abin da ban hango ba: masana'antar da take gogayya da wannan kamfani ba lallai ta yarda motar da ke ɗauke da hoton kishiyarta ta shiga harabarta ta yi lodi ba. Wato talla na iya rage wa Alhaji aiki.

Na koma wurin wakilin da sharuɗɗa. Duk wani izini da sitika su za su nema su biya, su ba direba asalin takardun a hannu. Su ba da lambar mutum ɗaya da zai ɗauki waya ko da tsakar dare in an tare mota saboda tallansu, kuma tarar da ta biyo baya tasu ce. Ba za su tsara mana hanyar da mota za ta bi ba. Ranar da aka gama, su cire ledarsu su mayar da fenti yadda yake. Ƙofar baya kuma ba ta cikin ciniki, domin direban ya riga ya sa mai zane ya rubuta masa "Haƙuri maganin zaman duniya" da zanen dawisu, kuma ya ce a bar masa. Wakilin ya so ya ja a kan wannan, don a cewarsa baya ne masu ƙananan motoci suka fi kallo a cunkoso. Na ce masa mutumin da yake kwana a ƙarƙashin motar nan yana da haƙƙi a jikinta. Suka amince, suka ɗan rage kuɗin.

Kuɗin tallan na kasa shi uku. Kaso mafi girma nawa, Alhaji yana da nasa saboda lodin da zai iya rasawa, direba da yaransa suna da nasu a hannu duk ranar da aka biya. Tun daga lokacin bangon nan ba ya kwana da laka, yaran suna wanke shi ba tare da an ce musu ba. An tare su a hanya saboda tallan, ba sau ɗaya ba, kuma akwai ranar da motar ta wuni a wata ƙaramar hukuma da kayan gwari a kanta kafin kamfanin ya warware. Asarar wannan rana kamfanin ya biya, saboda tana cikin takarda.

Abin da bodin yake kawowa bai kai abin da mai kai yake samu a wata mai kyau ba, ko kusa. Amma yana shigowa a kan lokaci, kuma ina ware kashi ɗaya cikin uku a asusun da ba na taɓawa, na taya da sifirin da fenti. Idan ina da kaya zuwa Legas, Alhaji yana ba ni fifiko a kan farashin kasuwa, wanda a lokacin kaka ya fi ragi amfani. Da muka zo sabunta yarjejeniya na ƙara abu biyu: a riƙa kawo bodin garejin mai waldar duk wata uku a duba ƙusar gaba da birki a gabana, kuma a sake duba kuɗin haya duk wata shida saboda yadda farashin taya yake tashi. Alhaji ya karanta, ya ce a ƙara masa nasa shi ma, cewa in zan ƙera na biyu shi zan fara yi wa tayi. Aka rubuta, muka sa hannu.